Kogin Akwayafe da Maganar Bakassi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani kogi da ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa shi ne ya yanke makomar Bakassi, yankin bakin tekun nan da Nijeriya da Kamaru suka yi taƙaddama a kansa.

Kogin Akwayafe yana can ƙuryar kudu maso gabashin Nijeriya, gabas da Kalaba, inda yake ratsa dausayi da itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwan gishiri, kafin ya faɗa teku kusa da bakin Kogin Kuros. Wuri ne na ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kwalekwale ne abin hawa, kuma masunta 'yan ƙabilar Efik da Ibibiyo ke zaune a rugagen da ke gaɓarsa, suna banda kifi da jatan lande.

A shekarar 1885 Ingila da Jamus suka ɗauki Riyo del Re a matsayin iyakar da ke tsakanin yankunan mulkin mallakarsu, Ingila a ɓangaren Nijeriya, Jamus a ɓangaren Kamaru, suna zaton babban kogi ne, sai daga baya aka gano cewa mashigin teku ne mai rassa barkatai. A yarjejeniyar 11 ga Maris, 1913 suka mayar da iyakar zuwa tsakiyar Akwayafe, Bakassi ya faɗa hannun Jamus. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Turawan nan har sun rubuta cewa ko da kogin zai sauya bakinsa ya koma Riyo del Re, Bakassi zai ci gaba da zama na Jamus. Sun yi tanadi saboda halin ruwa, amma ba su tuntuɓi sarakunan Kalaba ba, waɗanda Ingila ta ƙulla yarjejeniyar kariya da su tun 1884.

Wannan takarda ta 1913 ce Kotun Duniya ta dogara da ita a hukuncin 10 ga Oktoba, 2002, ta bai wa Kamaru yankin, Obasanjo da shugaban Kamaru Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Girintiri a Amurka a 2006, aka kammala miƙawa ranar 14 ga Agusta, 2008. Hukuncin bai tsallake mu a Arewa ba, domin a ƙarƙashinsa ne garin Darak da wasu ƙauyukan masunta na Tafkin Chadi suka koma Kamaru.

Duk da haka, har gobe a majalisar mai shayi ana cewa Janar Gowon ne ya yi kyautar Bakassi saboda taimakon da shugaban Kamaru na lokacin, Ahijo, ya ba shi a yaƙin basasa. Abin da suka sa wa hannu a garin Marwa na Kamaru a 1975 iyakar cikin teku ce, kuma an ja ta ne bisa layin da aka riga aka shata shekaru 62 kafin nan. Ina kira ga masu tsara manhajar tarihi da labarin ƙasa su sa wannan kogi cikin darasin sakandare, da taswirarsa a gaban ɗalibai.

Naku,
Wani malamin makaranta mai ritaya, Zariya