Shawara ga iyalan da za su hau tsohon jirgin kwal na Darjilin

Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu yi magana da 'yan'uwa masu zuwa Indiya karatu ko jinya, waɗanda kan so su fita da iyali shan iska kafin su dawo gida. A garin Darjilin, can cikin duwatsun Himalaya a jihar Bengal ta Yamma, har yau akwai jirgin ƙasa mai aiki da kwal da tururi. An buɗe layin a 1881, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999. Faɗin dogon ƙafa 2 ne kacal, bai ma kai na tsohon ƙaramin layin Zariya zuwa Jos ba, wanda aka rufe a 1957.

Kuskuren farko wajen sayen tikiti ake yin sa. Jirgin da ke tasowa daga tashar Niyu Jalfaiguri da ke gindin duwatsun zuwa Darjilin, kilomita 88, kan dizal ne ke jan sa, kuma kusan yini yake ci. Na kwal ɗin gajeren zagaye yake yi daga Darjilin zuwa garin Gum da ke kusa ya dawo, kamar awa biyu. Shi ma wannan zagayen akwai na dizal mai rahusa, don haka a duba da kyau a shafin intanet na IRCTC, kamfanin da ke sayar da tikitin jirgin ƙasa a Indiya, kafin a biya, kuma a saya da wuri, taragon 'yan kaɗan ne.

Sai shiri. Tururin da ya gama tura fistan, wato ƙarfen da ke juya ƙafafun jirgi, ta bututun hayaƙi yake fita, shi ne ke zuƙo iska ya hura wutar tukunya. In jirgi ya kama hawa, numfashin nan yakan yi ƙarfi har ya riƙa watso toka da ɓarɓashin kwal mai zafi, iska kuwa ta kaɗo su cikin tarago. Farar shadda ba ta wannan tafiya ba ce. A sa wa yara tabarau da kaya masu duhu, a riƙe gorar ruwa. In abu ya faɗa wa yaro a ido, kada a bar shi ya murza, murzawar ce ke ƙarje ido. A wanke da ruwa. Hannu da kai su zauna ciki, domin dogon gefen titin mota yake bi, wani wurin har kamar zai goge rumfunan masu shago.

Abin da ya fi dacewa a nuna wa yara yana goshin kan jirgin. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe, in raɓa ta jiƙa shi, sai ta riƙa juyawa a wuri ɗaya ba gaba ba baya. Shi ya sa ma'aikata ke zama a can gaba suna barbaɗa yashi da hannu a kan dogo. Ga mai farfasa kwal, ga mai zuba shi a wuta. In aka tsaya a hanya kuma kada hankali ya tashi, tankin ƙarami ne, ruwa ake ɗura masa.

Ana ɗan yada zango a Batasiya, inda layin ya yi da'ira ya zagaye kansa don a rage tsananin gangara. Daga nan ake hango dutsen Kancanjanga mai tsayin mita 8,586, in hazo bai rufe shi ba. Jirgin safe ya fi dacewa da wannan. Tashar Gum tana kan mita 2,258, da ɗan gidan tarihi a ciki, kuma akwai sanyi, a tafi wa jarirai da tsofaffi da rigar sanyi. A guji Yuni zuwa Satumba, lokacin damina ne, zaftarewar ƙasa kan datse layi da titi duka. Oktoba da Nuwamba sun fi.

Wassalam.

Masu sha'awar tarihin jirgin ƙasa,
Zariya