Gardamar Psycho: a duba yadda aka ɗauki kisan banɗaki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in sa baki a gardamar da masu kallon fim ke yi kan Psycho, wanda darakta Alfred Hitchcock ya fitar a Amurka a 1960. Matasa na cewa baƙi da fari ne, jini kaɗan, ina abin tsoron?

Su koma wurin da aka kashe matar da jaruma Janet Leigh ta fito a matsayinta tana wanka. Mako guda aka yi ana ɗaukarsa, aka girka kyamara ta fuska 78, mai tacewa ya yanka hoton sau 52. Tsayar da shi ka bi a hankali: hannu ya ɗaga, baki ya buɗe, ruwa na zuba, labule ya tsinke daga ƙugiyoyinsa. Da ƙyar za ka kama inda wuƙar ta taɓa fata. Zuciyar mai kallo ce ke ƙarasa sukar. Jinin da ke gangarawa magudana ruwan cakulan ne, don a baƙi da fari ya fi jan fenti kama da jini. Ƙarar sukar kuwa, wani ɗan'uwan kankana aka riƙa caka wa wuƙa. Da farko ma Hitchcock bai so a sa kiɗa a wurin ba, sai da mai tsara kiɗan fim ɗin, Bernard Herrmann, ya kawo nasa na zallar kayan tsirkiya, dangin goge, masu ƙara kamar ihu. Kashe sautin ka sake kallo, rabin firgicin ya tafi.

Inda masu suka suka yi gaskiya shi ne ƙarshen fim ɗin. An tsayar da likitan ƙwaƙwalwa yana ta zuba bayanin ciwon Norman Bates, wanda ya yi kisan, abin da mai kallo ya riga ya gane. Tsoron da aka tara sai ya huce kamar shayin da aka manta a kofi.

Masu cewa da mai kala ne da ya fi, ai an gwada. A 1998 darakta Gus Van Sant ya maimaita shi da kala, kusan hoto bayan hoto, da kuɗi wajen dala miliyan 60. Bai mayar da uwar kuɗinsa a silima ba. Na Hitchcock kuwa dala dubu 800 da 'yan kai aka kashe wajen yin sa.

Wassalam.
Mai karatunku, daga Zariya.