Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Ƙungiyarmu Ta Masu Barin Taba, Birnin Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, kamar yadda muka saba, a ƙarshen kowace shekara sakatare kan rubuto muku abin da aka yi da sunanku, da abin da aka so yi bai yiwu ba. Ga na bana. Shugaba ya duba, ma'aji ya duba. Lissafin kuɗi kuwa za a karanta shi filla-filla a zaman ƙarshen wata, kowa na ji.

Zaman Asabar bayan La'asar bai yanke ba, in ban da makon babbar Sallah da wata rana da ruwan Agusta ya cika soron da muke haɗuwa. Allah ya saka wa Baba mai gidan da alheri, bai taɓa karɓar ko kwabo ba, tabarmi ma nasa ne. Sababbin da suka shigo bana yawancinsu matuƙa adaidaita sahu ne, sai yaran shago daga Kantin Kwari, 'yan dako daga kasuwar Singa, masu gadi, da tela ɗaya. Na tambayi kowa yadda ya ji labarinmu. Babu wanda ya ce takardar da muka liƙa a bango ce ta kawo shi. Kowa aboki ya riƙo hannunsa, ko ƙani, ko maƙwabci.

Azumi da abin da ya biyo bayansa

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne na watan azumi. Kowa a cikinmu ya san wannan abin mamaki: mutumin da ke ƙarar da kwali guda a rana, wanda zai rantse ba zai iya awa biyu bai zuƙa ba, shi ne zai kame daga alfijir har magariba, kwana 29 ko 30, yana tuƙi a rana, bai kunna ko ɗaya ba. Da rana ba mu da matsala. Matsalar tana farawa ne da an kira sallar Magariba. Dabino uku, kurɓin ruwa, a idar da salla, sai hannu ya tafi aljihu da kansa. Wasunmu a da ko kunu ba ma jira.

Saboda haka muka tsara shan ruwa tare. Duk wanda ya ɗaura niyyar bari a farkon wata, ba a barinsa shi kaɗai daga buɗa baki har a idar da asham. Kunun tsamiya da ƙosai daga gidajen 'yan ƙungiya suka riƙa fitowa bi da bi, kuma ina miƙa godiya ta musamman ga matanmu da iyayenmu mata, don su suka ɗauki wannan nauyi. Bayan an ci, sai a raba aswaki da kanumfari, a yi ta hira har lokacin masallaci. Tsarin ya yi aiki fiye da yadda muka zata. Da yawa sun kai daren Sallah ba su taɓa ashana ba.

Sai dai dole in faɗi gaskiya: mako biyu bayan Sallah mun yi asarar mutane. Aka koma yawon Sallah, aka koma tsohuwar majalisa, aka zauna a bencin mai shayin da aka saba, wani ya miƙo kara ɗaya yana cewa ai na Sallah ne. Mun shirya wa azumi, ba mu shirya wa Shawwal ba. Laifin na shugabanni ne, ni ma ina ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka koma ba su ƙara leƙo zaman Asabar ba. Da muka bi sawu, sai muka gane mu muka kore su ba mu sani ba. Kun tuna allon da muke rubuta sunan kowa da adadin kwanakinsa, in mutum ya zame a goge a mayar da shi sifili a gaban jama'a? Mun ɗauka yana zaburar da mutane. Ashe magidanci mai 'ya'ya zai gwammace ya ɓace da ya tsaya ana share kwanakinsa ƙannensa na kallo.

Wani yayanmu direba, wanda ya ba ni izinin ba da labarin amma ban da suna, ya yi mako shida ba a ganinsa, waya ma ba ya ɗauka. Wani ƙaninmu ya ci karo da shi da daddare a wajen mai shayi kusa da Ƙofar Nassarawa. Da ya hango shi sai ya dunƙule tabar a tafin hannu ya ɓoye bayan cinya, ana gaisawa tana cin fatarsa, bai yarda ya saki ba har sai da ƙaurin ya tashi. Ya ce, "Wallahi kunyarku nake ji." Yaron bai yi masa wa'azi ba. Ya ce, "Yaya, sha shayinka. Ranar Asabar zan biyo mu tafi tare." Ya biyo ɗin, suka zo. Har yanzu tabon yana tafin hannunsa, kuma tun daga ranar bai sake sha ba.

Bayan wannan ne zaman shugabanni ya sauke allon. Yanzu kowa yana riƙe da lissafin kwanakinsa a wajensa, shi da abokin tafiyarsa. Kowane sabo ana haɗa shi da wanda ya kai shekara da bari, su yi musayar lamba, kuma an yarda a kira ko ƙarfe biyun dare ne. Wanda ya zame, tambaya ɗaya ake yi masa: a ina, da wane lokaci, kana tare da wa? Amsoshin kusan iri ɗaya ne: bayan cin abinci, a layin jiran fasinja, bayan sa'insa da iyali, ko daren da ciniki ya ƙi. In mutum ya san inda ya faɗi, sai a zauna a shirya abin da zai yi in ya sake isa wurin. Mafi yawan waɗanda suka ɓace bayan Sallah sun dawo. Akwai waɗanda har yanzu muke nema, kuma duk wanda ya san inda ɗaya yake, don Allah ya je da fuskar rahama.

Zama da likita

Sau biyu wani likita ɗan unguwa ya zo mana kyauta. Ina so in maimaita abin da ya faɗa saboda waɗanda ba su halarta ba. Nikotin, wato sinadarin da ke kama mutum, yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu da zuƙa, shi ya sa jiki ke saurin sabawa. In an bari, kwana ukun farko zuwa mako guda su ne masu zafi: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan jin yunwa. Daga mako 2 zuwa 4 abin yana lafawa. Ita kanta jarabar in ta motsa, 'yan mintoci take yi ta sauka, ko an sha ko ba a sha ba. Wannan maganar ta taimaki mutane ƙwarai. Da yawa sun ce yanzu in ta taso sai su tashi su yi alwala, ko su sha ruwa, ko su kira abokin tafiya, kafin a gama gaisuwa ta wuce.

Ya kuma kawo bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya. Cikin minti 20 da barin taba bugun zuciya yana sauka. Cikin awa 12 iskar guba ta hayaƙi da ke cikin jini tana komawa daidai. Tsakanin wata 1 zuwa 9 tari da haki suna raguwa, bayan shekara guda kuma haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yana komawa kusan rabin na mai sha. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa ciwon daji.

Ya ja kunnenmu a kan abu biyu. Na farko, tarin da ya wuce mako biyu kada a ce na taba ne ko na ƙurar hunturu, a je a gwada majina, don mashayi ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, irin su Asibitin Zana, kuma maganin wata shida ake yi ba a tsallakewa. Mun raka 'yan'uwa da dama, an samu wanda ke da shi, yana kan magani yanzu, jiki ya fara dawowa. Na biyu, kada a gudu daga sigari a faɗa taba gari ko shisha, duk taba ce, balle a nemi maganin tari mai bugarwa don a samu barci. Mai son cingam ɗin nikotin ko wanda ake mannawa a fata ya fara ganin likita. Goro ma a yi a hankali, mun ga waɗanda suka mayar da shi abinci har barci ya ƙaurace musu.

Ranar 31 ga Mayu

Ranar yaƙi da shan taba ta duniya mun yi ta a tashar Unguwa Uku, da izinin shugabannin direbobi. Ba mu ɗauki lasifika ba, mota-mota muka bi. Mun gaya musu taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a duniya duk shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba ma sha suke ba, hayaƙin wasu suke shaƙa. Amma abin da ya fi tsayar da su shi ne lissafi. Mai shan kara 10 a rana yana ƙone kara 3,650 a shekara, kwali 182 da ɗoriya. Muka ce kowa ya buga da farashin da yake saye. Wani dattijo ya buga a wayarsa, ya yi shiru, ya ce kuɗin makarantar 'yarsa ke nan.

Daga nan muka zaga wajen masu tebur a unguwanninmu. Dokar taba ta ƙasa ta shekarar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali mai 20. Kusan duk wanda muka yi wa magana bai taɓa jin wannan ba. Wani ya ce, "Alhaji, in ban sayar ba na gaba zai sayar." Ban ga laifinsa sosai ba, abinci yake nema. Amma mu mun san kara ɗaya shi ne ƙofar da yaro ke shiga, kuma ta nan wanda ya bari yake komawa, don ba wanda ke komawa da sayen kwali. Abin da muka roƙa, wasu kuma suka amsa, shi ne su daina ba yaran da manya ke aikowa.

Asusun kuɗin taba yana tafiya. Mai so yana kawo wa ma'aji abin da da zai ƙone a mako, a rubuta, ya karɓa lokacin da ya ga dama. Wani ya sauya tayoyin adaidaitarsa da shi, wani ya yi wa yara ɗinkin Sallah.

Abin da bai yiwu ba

Ziyarar makarantun sakandare ba ta samu ba, mun makara wajen neman izini. Zancen shisha a tsakanin samari da 'yan mata ba mu taɓuka komai ba, kuma gaskiya mu masu furfura ba za su saurare mu ba, sai matasanmu sun shige gaba. Akwai kuma matan da suka aiko suna tambaya a kan mazajen da ke busa hayaƙi a ɗaki, yara na kwance. Ba mu da tsarin da za mu amsa musu, kuma abin yana ci mini rai. Kuɗin wata-wata ma da yawa ba su biya ba. Wanda ba shi da hali ya gaya wa ma'aji a asirce, ba a korar kowa saboda kuɗi.

Shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, shan ruwa tare zai zarce da zaman dare har ƙarshen sittu Shawwal, kuma masu abokan tafiya za su riƙa kiransu kullum a wannan watan. Za a nemi wata ma'aikaciyar lafiya ta zauna da mata su kaɗai. Takardar neman izinin makarantu kuma an riga an rubuta, saura sa hannun shugaba.

Zaman ƙarshen wata yana nan ranar Asabar bayan La'asar a soron Baba. Za a karanta lissafi, a sake raba abokan tafiya, don sababbi sun fi tsofaffi yawa yanzu. Duk wanda ya cika shekara da bari, muna roƙonsa ya zo da shirin ɗaukar mutum ɗaya.

Wassalam.
Sakatare, a madadin shugabanni.