Fata ba rariya ba ce: jan kunne kan maganin shafawa da ake haɗa wa majinyata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da na gani da idona a nan Garwa, wanda har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni tsohon mai haɗa magani ne. Shekara 27 na yi a ɗakin baya na wani kantin magani, ni da ɗan sikeli da turmin tangaran. Likita ya rubuto haɗi na musamman domin mutum ɗaya, mu auna mu haɗa. Galibi man shafawa ne na ƙaiƙayi da kirci da makero. Saboda haka ba na cikin masu raina haɗin hannu, da shi na ci da iyalina.

A watan Afrilun bara na je duba goggona a unguwar Yelwa. Ciwon daji ya kama ta a maƙogwaro, haɗiya ta gagara, ko kunu sai da dabara. Na tarar da ita ta dunƙule a kan tabarma tana nishi, ga wani ɗan gwangwani a bakin taga. Na buɗe, sai ga man kaɗanya da fari-farin gari a ciki. Na lakato na murza tsakanin yatsuna, na ji tsaki-tsaki kamar yashin Binuwai. Na tambayi jikanta mene ne wannan. Ya ce, "Baffa, wani mai magani ne a kasuwa ya haɗa mana. Ya niƙa tiramol da farasitamol da na amai, ya ce a riƙa shafa mata a wuyan hannu, wai haka ake yi a ƙasar Turawa yanzu." Jaka shida suka biya. Kwana uku ke nan baiwar Allah tana shan azaba, su kuma hankalinsu kwance, a zatonsu magani na shiga.

Ban yi wa yaron faɗa ba, don mai haɗin ma ba a iska ya tsinci maganar ba. Da gaske ne akwai magungunan da ke ratsa fata su shiga jini. Tun 1979 aka amince a Amurka da ɗan filastan sukofolamin da ake mannawa a bayan kunne domin masu amai a mota ko jirgin ruwa. Daga baya aka yi na ciwon ƙirji, na masu son barin taba, da na fentanil mai kashe zafin ciwo. Sai dai fata Allah bai yi ta don a zuba mata abu ya wuce ba. Saman ta akwai wani siririn ɓawo na matattun ƙwayoyi da maiƙo a tsakaninsu, kamar tubali da laka, aikinsa ya tsare ƙofa. Abin da zai wuce sai ya kasance ƙwayar sinadarinsa ƙarama ce, masana suna cewa kada nauyinta ya haura 500 a ma'auninsu da ake kira dalton, ya kasance yana narkewa a maiƙo kuma bai ƙi ruwa ba, sannan ɗan mitsitsi daga cikinsa ya isa ya yi aiki. A wannan na ƙarshen ne gizo ke saƙar. Filastan fentanil abin da yake saki a awa ɗaya bai wuce mikirogiram 12 zuwa 100 ba, bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na miligiram ba a mafi yawansu. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce. Ta wace ƙofa wannan kaya zai bi? Ko kwana za a yi ana murzawa, a kan fata zai zauna.

Su can ƙasar Turawa da suke haɗa irin wannan a kantunan magani, ba da man kaɗanya suke yi ba, ba kuma da niƙaƙƙiyar ƙwaya mai cike da sitaci ba. Tsantsar garin maganin suke samu, su narkar da shi, su sa a wani jel da ya yi fice a Amurka tun farkon shekarun 1990, ana ce masa PLO. Haɗin lesitin ne na waken suya da wani mai, da kuma sinadarin foloksama da aka jiƙa a ruwa. Halinsa akasin na man shanu ne: in ya ji sanyi ya tsinke ya zama ruwa, in ya ji ɗumi ya kama jikinsa. Shi ya sa ba a ajiye shi a firji, don kada ya rabu. Ana cuɗa shi ta hanyar tura shi tsakanin sirinji biyu har ya yi laushi, a ba majinyaci a sirinji marar allura mai awo, don ya san adadin da yake shafawa.

To duk da wannan ƙa'ida, shin yana aiki? Wani lokaci. Likitocin dabbobi suna shafa wa kyanwa mai ciwon maƙoƙo metimazol a cikin kunne, kuma ana ganin amfaninsa. Amma ga labarin da nake so masu karatu su riƙe. Shekaru da dama gidajen jinyar masu ciwon ajali a Amurka suna shafa wa majinyata wani jel na amai, ABH, haɗin lorazefam da difenhidramin da haloferidol. Kowa ya yarda da shi. Da aka zo a 2012 aka shafa wa mutane masu lafiya aka auna jininsu, biyu daga cikin ukun ba a gan su a jinin ba sam, na ukun ma ɗan abin da ya shiga bai isa ya yi komai ba. A 2014 aka gwada shi da jel wanda babu magani a ciki, bai fi shi ba. A 2019 kuma asibitin sojoji na Walter Reed da ke Amurka ya gwada mayukan ciwo na haɗi a kan mutum 399, sakamakon dai kusan ɗaya da man da ba komai a ciki. In waɗanda ke da ɗakin gwaji da tsantsar gari sun sha wannan kunya, ina ga mai turmi a rumfar kasuwa?

Kada wani ya ce na hana shafa maganin ciwon gwiwa. Jel ɗin diklofenak na kamfani da muke saye a kanti yana taimako a gaɓar da aka shafa, kuma abin da ke kaiwa jini bai fi kashi 6 cikin 100 na wanda aka haɗiya ba, shi ya sa ya fi sauƙi ga tsofaffi masu gyambon ciki. Aikinsa a nan inda aka shafa ne. Ba a shafa shi a hannu don ciwon da ke maƙogwaro.

Ɗaya gefen kuma, wanda ya shiga ɗin ma ba wasa ba ne, musamman a ƙasa irin tamu. Zafi yana buɗe jijiyoyin jinin fata, magani ya shiga fiye da ƙima. Mai filastan fentanil da zazzaɓi ya rufe, ko ya kwanta a ɗakin kwano da tsakar rana a bazarar Garwa da zafi ke wuce digiri 40, numfashinsa na iya yin ƙasa. Jel ɗin ketofurofen, maganin ciwon gaɓoɓi wanda likitocinmu suka gada daga Faransa suke yawan rubutawa, ba ya shiri da rana: wurin da aka shafa sai a rufe shi da tufa duk tsawon jinya da mako biyu bayan an daina, in ba haka ba fata ta yi bororo kamar ƙunar ruwan zafi. Na taɓa ganin ɗan acaɓa da ya shafa a wuyan hannu ya kama kan babur yini guda, hannun ba kyan gani. Ba wanda ya gaya masa. Jel ɗin sinadarin maza kuwa, a 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta a sa masa babban gargaɗi, saboda an samu ƙananan yara da alamun balaga sun fito musu don kawai jikinsu na gogar na iyayensu. A gidajenmu da yaro ke kwana a jikin kaka, wannan abin lura ne.

Ƙannenmu mata masu haɗa man bilicin ma su saurara. Kulobetasol, maganin nan mai ƙarfi na ciwon fata da suke matsawa a cikin mai su shafe jiki duka safe da yamma, shi kam yana shiga, kuma shi ke kawo kumburin fuska da nankarwa da hawan jini da ciwon suga. Ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta haramta kayan shafa masu hidrokinon da makuri a watan Agustan 2022, amma ku zaga kasuwa ku gani.

Roƙona ga likitocinmu shi ne, in za ku sallami majinyacin da ba ya iya haɗiya, ku zaunar da danginsa ku gaya musu hanyoyin da ake da su. Akwai na matsawa ta dubura, wanda mu nan ba baƙonmu ba ne, akwai na sawa a ƙarƙashin harshe, akwai allurar ƙarƙashin fata. Dangi in an bar su da takardar ƙwayoyin da mutum ba zai iya haɗiya ba, dole su nemi mafita a kasuwa. Abokan aikina na kantin magani kuma, duk haɗin da za ku miƙa, ku rubuta a jikinsa abin da ke ciki da adadinsa da ranar da aka haɗa. Gwangwanin Goggo ko harafi ɗaya babu a jikinsa.

A daren nan muka ɗauke ta a motar maƙwabci muka mayar da ita asibiti. Wata malamar jinya ta sa mata 'yar ƙaramar allura a ƙarƙashin fatar ƙirji, aka riƙa ba ta mofin, maganin kashe zafin ciwo, ta nan. Kafin asuba ta yi barci, jikan nata yana zaune a ƙasa yana mata fifita. Ta ƙara mako biyar, Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta da rahama. Gwangwanin na taho da shi gida, yana nan a saman durowata, man ya narke da zafi, garin ƙwayar ya kwanta a gindi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon mai haɗa magani,
Garwa, Kamaru