Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Taron Ƙungiyar Ma'aikatan Asibiti

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikata. Tun da aka buɗe ɗakin taro ake tambayar inda kuɗin gudummawa suka shiga, har wasu na cewa gyaran rufi ya ci kuɗin sabon gini. Ga bayani. Rasit duk suna hannun ma'aji ga mai son dubawa.

Ginin tun zamanin En'e yake. Nan reshenmu na MHWUN, ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta Najeriya, ke zama, nan kuma aka riƙa haɗuwa lokacin yajin aikin JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, na Afrilu zuwa Mayun 2018, shi ya sa babban taro ya zaɓi gyara maimakon rushewa. Sauya kwano, filasta da fenti kawai aka yi wa kasafi.

Ranar da kafinta ya ɓalle silin, lissafi ya rushe. Gara ta cinye katakon rufin ta ciki: a ido lafiya lau, da an kafa ƙusa sai ya zube kamar gari. Wanda ya ɗora sabon kwano a kan wannan, iskar farkon damina ce za ta yaye masa shi. Dole aka sauke rufin duka, aka sayi sabon katako, aka shafe kowanne da maganin gara tun yana ƙasa, sannan aka ɗaure shi da bango da langalanga. Saman bangon ma ruwa ya cinye shi, sai da aka cire layi 2 na bulo aka zuba linta da rodi. Wannan ya faɗo a Fabrairun 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000, alhali kasafinmu na kafin cire tallafin mai ne a 2023.

Sai kwanon alminiyam da ake ta ƙorafi a kai. Gaskiya ya fi na bandir tsada. Amma na bandir gajere ne, haɗinsa da yawa, kuma ta bakin haɗi da ramin ƙusa yoyo ke farawa, yoyon da ya jiƙa katako ya gayyato gara. Alminiyam falle ɗaya ne daga tsororuwa har baki, ba ya tsatsa.

Godiya ta musamman ga iyayenmu 'yan fansho da suka fara buɗe asusun, da ma'aikatan jinya da ungozomomi, da bawan Allahn da ya turo tifa 2 na yashi ya hana a faɗi sunansa. Masu shara da masu gadi kuwa ranakun hutunsu suka sadaukar suna leburanci. Allah ya saka da alheri.

Banɗaki ne ya rage. An haƙa shadda amma ba a ɗaure ta da bulo ba, kuma in ruwan sama ya same ta haka za ta rufta, a sake biyan haƙa. Mai bulo ko siminti ko rodi ya kai wa ma'aji kafin damina, za a ba shi rasit nan take.