Suturar mace a cikin kumbo: kira ga masu shirya fina-finanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci a kan yadda ake tufatar da mata a shirye-shiryen talabijin na almarar kimiyya, wato masu nuna kumbo da 'yan sama jannati, waɗanda yaranmu a nan Kano suke kallo ta tauraron ɗan adam da wayoyin hannu. Ni malamar kimiyya ce a sakandaren 'yan mata, kuma abin da ya dame ni shi ne darasin da wannan sutura take koya wa ɗalibaina game da matsayin mace a wurin aiki.

Shirin Star Trek ya fara fita a Amurka a 1966. Maza ma'aikatan kumbon suna sanye da riga da dogon wando, amma matan da suke aiki kafaɗa da kafaɗa da su an ba su 'yar guntuwar riga da ko cinya ba ta rufe ba, alhali a kashin gwaji na farko da aka ɗauka matan wando suka sa, har mace ce mataimakiyar kyaftin. Nichelle Nichols, baƙar fatar 'yar wasa wadda ta fito a matsayin Laftanar Uhura jami'ar sadarwa, ba ta ga laifin rigar ba, domin yayin da ake yi ke nan a ƙasarsu. Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, da kansa ya roƙe ta kada ta bar shirin, kuma Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce Uhura ce ta zaburar da ita. Sai dai abin da ya ja hankalin Jemison shi ne ganin mace mai kama da ita tana riƙe da muƙami, kuma gajartar riga ba ta ƙara wa wannan komai ba.

Labarin Deanna Troi a ci gaban shirin da aka fara a 1987 ya fi fito da maganar fili. Jami'a ce mai muƙami, amma ta shafe shekaru cikin matsattsun kaya masu buɗaɗɗen ƙirji, abokan aikinta kuwa suna cikin yunifom. Sai a 1992 aka kawo wani sabon kyaftin a cikin labarin wanda ya umarce ta da ta sa yunifom kamar kowa. Daga nan marubuta suka fara ba ta aiki mai nauyi, har ta zauna jarrabawa ta zama kwamanda. Wannan ya nuna mini cewa hatta masu rubuta labarin suturar ce ta hana su ganin basirarta. Duk da haka a 1997 aka sa wa 'yar wasa Jeri Ryan, a shirin Voyager, wani reshe na Star Trek, kaya masu manne wa jiki da ɗamara mai matse ciki, a kumbon da kyaftin ɗinsa mace ce mai cikakken yunifom.

A zahiri kayan aiki ba na ado ba ne. A Maris 2019 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fasa fitar mata biyu tare zuwa wajen tashar sararin samaniya saboda babu isassun riguna daidai jikinsu, sai a Oktoba Christina Koch da Jessica Meir suka fita.

Kira na ga 'yan Kannywood ne, domin ko ba daɗe ko ba jima za su shiga irin wannan fim, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Alhamdulillahi, tsiraici ba shi ne matsalarmu ba, ga tarbiyya, ga kuma Hukumar Tace Fina-finai. Tamu matsalar ita ce sai a nuno likita ko injiniya a bakin aiki ta ci leshi da gwala-gwalai, ta kafa ɗauri, ga dogon farce, kamar za ta gidan biki. Duk wanda ya shiga Asibitin Malam Aminu Kano ya ga yadda likita mace take: hijabi ɗan daidai wanda ba zai taɓa mara lafiya ba, farar riga a sama, takalmi mara tsini, alƙalami a aljihu, hannu babu awarwaro saboda yawan wankewa. Haka ɗalibaina suke shiga ɗakin gwaje-gwaje, sun cusa bakin hijabi a cikin riga saboda wuta. Ina roƙon masu tsara sutura su je wuraren nan su gani da idonsu, su kuma tambayi matan da suke aikin, kafin su kai ɗinki wurin tela.

Wassalam.

Malamar kimiyya,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.