A kalli 3 Body Problem tukuna kafin a yanke mai hukunci

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a fadarmu ta shayi nan Maraɗi, kuma na ga irin ta a Facebook da WhatsApp, wato maganar fim ɗin nan mai dogon zango na Netflix, 3 Body Problem, wanda ya fito a watan Maris na 2024 kashi 8.

Abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto shi ne yawancin masu zagin fim ɗin a wajenmu ba su ma kalle shi ba. Da sun ji sunan masu shirya shi, David Benioff da D.B. Weiss, sai su ce a'a, ai mutanen nan ne suka ɓata ƙarshen wancan fim mai dogon zango, Game of Thrones, a 2019, ba za su sake ƙona kiredinsu kan aikinsu ba. Ni ma ƙarshen nan ya ɓata mini rai wallahi, shekara da shekaru muna bi sai aka tattare komai cikin kashi 6 kamar ana korar su. Amma don tela ya ɓata maka riga ɗaya ba ka cewa bai iya ɗinki ba sai ka ga ta biyu, kuma wannan karo ba su biyu ba ne, akwai Alexander Woo tare da su, sannan labarin ba daga kansu ya fito ba, littafin wani marubuci ɗan Sin ne Liu Cixin, littafin da ya ci kyautar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya a 2015, kuma littattafan uku ne an gama rubuta su tuntuni, ƙarshen yana nan a ajiye ba sai sun ƙirƙiro ba.

Wasu kuma cewa suke duk ƙarya ce, halittu daga wata duniya, me zai ƙare mu da shi. To ai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ma ba wanda ya ce ta faru, amma da ita kakanninmu suka yi mana tarbiyya.

Ni lokacin zafi na kalle shi, a waya, da fassarar Faransanci, cikin watan Afrilu da ko tabarma ka taɓa da dare sai ka ji ta da ɗumi. Sai ga shi ana nuna wata duniya mai rana uku, ba wanda ya san yaushe za su fito ko yaushe za su faɗi, wani lokaci sanyi ya daskarar da kowa wani lokaci ranakun su haɗu su ƙone gari ƙurmus, mutanen wurin dabararsu ita ce su bushe kamar kilishi a naɗe su a ajiye, in yanayi ya gyaru a jefa su ruwa su farfaɗo. Malam Edita jikina ya yi sanyi. Mu da rana ɗaya tak muke da ita amma manomi ba ya iya cewa ga ranar da damina za ta sauka, ya yi shuka ruwa ya ɗauke ya sake shuka, wa zai gaya mana zafin rayuwa ƙarƙashin sama da ba ta da alkawari? Baturen Landan zai kalli wurin nan ya ce an iya haɗa hoto, ni gonar babana na tuna.

Sai kuma maganar shekara 400. A cikin labarin an gaya wa mutanen duniya cewa halittun duniyar nan mai rana uku sun taso su kawo musu hari amma sai nan da shekara 400 za su iso, sai mutane suka rabu, wasu na cewa a tashi a yi shiri wasu na cewa ina ruwanmu, kafin nan ko ƙashinmu babu. Wannan gardama mun san ta a jihar nan. Tun wajen 1983 da aka fara sassaben zamani a karkarar Maraɗi, ana ce wa manomi kar ya tumɓuke kututture ya bar tohon ya gyara shi ya zama itace, akwai waɗanda suka yi dariya akwai waɗanda suka bari, yau gawon da ke tsaye a gonaki daga nan har Damagaram da yawa waɗanda suka bar su sun riga mu gidan gaskiya, jikoki ke shan inuwar. Wannan ita ce tambayar fim ɗin, kuma ban ji ko mutum ɗaya ya tayar da ita a fada ba, kullum Game of Thrones.

Ba wai ina wanke masu fim ɗin ba ne. Ina da nawa ƙorafin kuma babba ne. Labarin na Sin ne, har sun buɗe shi da Beijing a 1966 lokacin juyin al'adu, inda aka kashe malamin kimiyya da duka gaban 'yarsa, abin da ya sa ta yanke ƙauna daga ɗan Adam har ta kira baƙin nan na wata duniya duk da an gargaɗe ta kar ta amsa. Wurin nan ya yi ƙarfi sosai. Amma daga nan sai suka kwashe sauran suka kai Ingila, suka ba wasu abokai biyar da suka yi karatu a Oxford, kamar in bala'i zai sauko wa duniya dole sai a ƙofar gidan Bature za a tare shi. Ana ta cewa duniya duka, duniya duka, amma ina mu a ciki? Sannan gaggawar nan tasu ba ta sake su ba, 'yan Sin da kansu a kamfanin Tencent sun yi littafin farko kaɗai kashi 30 a 2023, su kuwa na Netflix cikin kashi 8 har sun leƙa littafi na biyu da na uku. Wanda ya ce yana tsoron kar su sake yin abin da suka yi a baya, in dai ya kalla ne ya faɗa, ina tare da shi.

Roƙona ga jaridarku, ku buɗe ɗan shafi na sharhin irin waɗannan finafinai da Hausa, don yara da yawa suna karɓo su a kan kati a kasuwa suna kallon hoto kawai ba su gane zancen ba. Masu fassara finafinan Indiya a Kano su ma ina kira gare su, su gwada wannan, zan so in zaunar da babana ya ga duniyar nan mai rana uku da harshensa in ji abin da zai ce.

Na gode, a huta lafiya.

Mai karanta ku kullum,
daga unguwar Zariya, Maraɗi